Hunturu da Saniyar Tatsa a Karkarar Arewacin Kano

 

Gabatarwa

Idan aka ce tarihin Kano, abin da yakan fara faɗo mana a rai shi ne sarakuna, da yaƙe-yaƙe, da ganuwa, da fatauci. Wannan ba laifi ba ne, domin su marubuta suka fi kula da su. Amma akwai wani tarihin da ba a faye rubutawa ba, alhali kuwa shi ke tallafe da wancan, watau tarihin yadda mutumin karkara da dabbarsa suke ƙetare watannin da ƙasa ba ta fid da komai. A yau ina so mu dubi sashe ɗaya na wannan tarihi: yadda mai saniyar tatsa a ƙasashen Ungogo, da Minjibir, da Dawakin Tofa, da Bichi, da Makoɗa, da Ɗambatta yake shiga hunturu, ya ratsa bazara, har ya kai faɗuwar ruwa da garkensa a tsaye, da ɗan nono a ƙwarya.

Magana ɗaya zan yi ƙoƙarin tabbatarwa. A ƙasar nan yunwa ce ke kashe saniya, sanyi sai dai ya taya ta aiki. Maganin wannan yunwa kuwa tun kaka ake haɗa shi, kuma mutum biyu ke haɗa shi, manomi da makiyayi. Duk shekarar da wannan haɗin kai ya tsaya, garke ya fita. Duk shekarar da ya karye, an yi kuka a ruga, an kuma yi shi a gona.

Abin da hunturu ke yi wa saniya

Bahaushe ya raba shekararsa zuwa damina, da kaka, da hunturu, da bazara, sa'an nan ya haɗe dukan watannin da ba ruwa ya kira su rani. Hunturu yakan kama daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da busasshiyar iska ke kaɗowa daga arewa maso gabas. Masana yanayi sun bi sawun ƙurar da take ɗauke da ita, suka tarar mafi yawanta daga ƙwarin Bodele take tasowa, a arewacin ƙasar Chadi, inda a zamanin da can ruwan tafkin Chadi yake kwance. A watan Janairu ma'aunin zafi a Kano yakan sauka zuwa wajen digiri 13 da asuba, wani daren ma ya yi ƙasa da 10, sa'an nan da rana ya haura kusan 30.

Harshenmu kansa ya nuna irin sanin da kakanninmu suka yi wa wannan lokaci. Sun bambanta sanyi, wanda ke tafe da laima, da ɗari, wanda busasshe ne mai fasa leɓe da kaushin ƙafa. Suna da hazo, suna da buji, suna da jaura, watau tsakiyar ɗarin inda ya fi tsanani. Al'umma ba ta tara wa abu sunaye haka sai ta daɗe tana fama da shi.

Kada kuma a ɗauka ɗarin ƙasarmu abin wasa ne. A ƙarshen watan Disamba na 1823, Turawan Birtaniya biyu, Kyaftin Clapperton da Likita Oudney, suna kan hanyarsu daga Barno zuwa Kano, sai suka wayi gari suka tarar ruwan da suka ajiye ya yi ƙanƙara a sama-sama. Oudney, wanda da ma yana fama da ciwon ƙirji, ya rasu kusa da Katagum ranar 12 ga Janairu, 1824, Clapperton ya shigo Kano shi kaɗai.

To, me wannan ke yi wa saniya? Da ruwa ya ɗauke, cikin 'yan makonni ciyawa ta bushe a tsaye, abin gina jiki da ke cikinta ya tafi, ta zama cikon ciki kurum. Tafkuna da kududdufai su ƙafe. Saniya ta yini tana yawo ba ta ƙoshi ba, da dare kuma ta ƙone ɗan kitsen da ta tara da damina wajen ɗumama jikinta. Abin da ke fara nunawa shi ne hantsa. Farar saniyarmu Bunaji, wadda ko da damina abin da ake tatsa daga gare ta bayan maraƙi ya sha bai faye wuce lita ɗaya ko biyu ba, sai ta koma ba da abin da bai cika ludayi nawa ba. Maruƙa kuwa su kama tari da ciwon ido saboda ƙura.

Makiyayi yana da dabarunsa na dare. Yakan kafa shinge na kara ko zana ta fuskar da iska ke fitowa. Yakan ɗaure maruƙa a dangwali kusa da bukka, ya hura wuta da busasshen kashin shanu domin garke ya matso ya ji ɗumi. Ba ya kora da sassafe sai rana ta ɗan ɗaga. Yakan ba su kanwa lokaci lokaci. Akwai kuma wata shawara mai wuya da ake yankewa kowace safiya a gindin saniya, watau nawa za a tatsa, nawa za a bar wa maraƙi. A al'adar Fulani nono hakkin mace ne, da shi take sayen gishiri da kayan miya da sutura; maraƙi kuwa shi ne garken gobe, kuma idon maigida a kansa yake. In an cika ƙwarya an kashe maraƙi, in an bar wa maraƙi duka gida ya kwana da yunwa. Wannan ne ya sa tun da daɗewa masu tallan nono sukan ƙara masa garin 'ya'yan kuka da rani domin ya yi kauri ya yi auki.

Amma duk waɗannan dabaru na rage zafi ne. Wuta da shinge ba sa cika tumbi.

Ƙasar da ba ta da daji

A wasu wurare amsar makiyayi mai sauƙi ce: in ciyawa ta ƙare nan, ya nausa daji. Ƙasar da muke magana a kanta ba ta da wannan daji. Barth, Bajamushen nan da aka fi sani da Abdulkarim, ya biyo ta Kusada da Bichi ya shigo Kano a watan Fabrairu na 1851, tsakiyar hunturu ke nan, ya kuma yaba yawan gonaki da ƙauyuka da manyan itatuwan da ya gani a hanya. Bayansa da shekara ɗari da 'yan kai, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da kuma Jami'ar Bayero, ya auna wannan ƙasa ta kewayen Kano cikin shekarun 1960. Ya tarar akwai fiye da mutum 300 a kowace murabba'in mil, a kusa da birni ma ninkin haka, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙasar ana nome ta kowace shekara ba hutu.

Duk da haka shanu ba baƙi ba ne a nan. Littafin Tarihin Kano ya ambaci zuwan Fulani daga Mali a zamanin Sarki Yakubu, wanda ya yi mulki daga 1452 zuwa 1463. Ya kuma ce Sarki Kutumbi, wanda ya yi mulki daga 1623 zuwa 1648, shi ya fara karɓar jangali, har ya naɗa wani bawansa Sarkin Shanu. Sarki ba ya ƙirƙiro sarauta saboda abin da ba shi da yawa. Ɗambatta ma, wadda kasuwar shanunta ta ranar Lahadi ta shahara, gari ne na Fulani Dambazawa, gidan sarautar Sarkin Bai.

Saboda haka tambayar da ke gaban mai nazarin tarihi ita ce, ƙasar da ake nomewa kowace shekara yaya aka yi ba ta mutu ba, kuma shanun da ba su da daji yaya aka yi ba su ƙare ba? Tambayoyin biyu amsarsu ɗaya ce: gona ta ci da saniya, saniya ta ci da gona.

Tsohon alkawari

Bari mu bi shekarar daki-daki. Da damina dabba ba ta da 'yanci. Awaki da tumaki suna turke, ana yanko musu ciyawa. Shanu kuwa ko dai su bi burtali zuwa makiyaya da mashaya, ko kuma a kora mafi yawansu zuwa inda ƙasa ke da sauran fili, a bar 'yan na tatsa a gida. Burtalin nan an shinge shi da aguwa ko cinidazugu, kuma kowa ya san haddinsa. Wanda dabbarsa ta yi ɓarna ya biya a gaban mai unguwa ko dagaci, Arɗo yana zaune.

Da kaka ta yi sai aikin tanadi ya tashi. Ana cire gyaɗa, a shanya harawarta. Ana roron wake, a naɗe harawarsa dami dami tun tana da sauran kore, a ɗora a kan rufin soro ko a cikin rassan bishiya inda akuya ba ta kaiwa. Ana zage karmamin dawa, a tara kara a jingine. Ɓawon wake, da ƙaiƙayi, da dusar da mata ke fitarwa wajen surfe, da angurya, ba abin da ake zubarwa. Manomin Kano ya daɗe yana shuka wake iri biyu: mai saurin nuna domin ƙwaya, kamar ɗan'ila, da mai jinkiri mai yaɗo domin harawa, kamar kanannado. Masu binciken aikin gona na cibiyar IITA, waɗanda ke da gonar gwaji a Minjibir, sun koyi wannan darasi daga manoma: irin da ya ba da ƙwaya da yawa amma bai ba da harawa ba, ba ya samun karɓuwa sosai, shi ya sa suka juya ga fitar da iri mai ba da duka biyun.

Bayan an kwashe amfani sai a saki dabbobi. A nan ne Bafillace yake zuwa ya kafa mashekari a gonar manomi. Shanunsa su ci abin da ya rage na kara da ganye, su kwana a gonar, su zuba mata taki. Bayan 'yan kwanaki a matsar da makwancin zuwa wani gefe, har gonar ta samu ko'ina. Manomi shi ke roƙon a sauka masa, har ya haɗa da damin dawa ko na gero, da goro, da izinin shayarwa a rijiyarsa. Matar Bafillace kuma ta shiga gidajen ƙauye da ƙwaryarta, ta ba da nono da man shanu, a ba ta hatsi ko kuɗi. Manomin da ya sami wadata har ya sayi saniya, sau da yawa hannun wannan Bafillacen yake ba da ita kiwo. Ta haka dukiyar mutum biyu ta cuɗanya, har ya zama ba wanda zai so ɗan'uwansa da asara.

Akwai kuma mai shiga tsakani na uku, shi ne gawo. Wannan itace ya saɓa wa sauran itatuwa: da damina yakan zubar da ganye, saboda haka ba ya yi wa shuka inuwa, da rani kuma ya yi kore shar, ya zubo da 'ya'ya masu gina jiki daidai lokacin da saniya ta fi bukata. Dabbobi su taru a gindinsa su ci, su bar taki a nan. Manomin da ya bar gawo a gonarsa ya san abin da yake yi.

Ragowar takin kuma jaki ke kawo shi. Duk rani za ka ga jakuna da mangala suna kwasar shara da toka da kashin dabbobi daga birni da gidaje zuwa gonaki, ana jibgewa tsibi tsibi kafin shuka. Binciken da Frances Harris ta yi a Tumbau ta ƙasar Gezawa cikin shekarun 1990 ya nuna wannan zagaye ƙarara: harawa ta shiga cikin dabba, taki ya fito ya koma gona, gona ta sake ba da hatsi da harawa. Abin da Fulani ke nufi ke nan da suke yi wa saniya kirari da nagge daɗi goma.

Ba a rubuta wannan alkawari a takarda ba, ba a kuma sa masa hannu a gaban alƙali ba. Bukata ce ta ƙulla shi, al'ada ta tsare shi.

Shekarun da aka jarraba shi

Alkawari ba a sanin ƙarfinsa sai ranar wuya. Cikin shekara ɗari da 'yan kai da suka wuce an jarraba wannan sau da dama, kuma kowace jarrabawa ta nuna wani gefe nasa.

Ta farko ta zo ta wajen saniya. A 1887 sojojin Italiya suka shigo da shanu masu ciwon bushiya ta tashar Masawa a bakin Bahar Maliya. Cutar ta ratso Afirka ta iso ƙasar Hausa wajen 1890 zuwa 1891. Monteil, wani hafsan Faransa da ya bi ta Sakkwato ya iso Kano a ƙarshen 1891, ya ba da labarin ɓarnar da ta yi wa shanu a ƙasashen da ya ratsa. A garke da yawa, cikin shanu goma da ƙyar ɗaya ko biyu suka tsira. Fulani suka sa wa annobar suna Sannu, domin ba abin da mutum zai ce wa ɗan'uwansa sai wannan kalma. Waɗanda suka rasa komai da yawansu suka ɗauki fartanya, kuma maƙwabtansu manoma ne suka ba su aron gona da iri. Ba a gama farfaɗowa ba sai ga Basasar Kano daga 1893, sa'an nan zuwan Turawa a 1903. Duk da haka garke ya sake taruwa, maraƙi bayan maraƙi.

Ta biyu ta zo ta wajen gona. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912, manoma da yawa suka ƙara mata fili. Sai daminar 1913 ta ƙi. Yunwar da ta biyo baya, wadda ta kai matuƙa a 1914, ita ake kira Kakalaba, kuma arewacin Kano na cikin inda ta fi yi wa illa. A nan aka ga raunin alkawarin. Fari yana bugun manomi da makiyayi a lokaci guda: ba hatsin da za a ba da a karɓi nono, ba karan da saniya za ta ci, hunturu ya sami dabba da ma a rame. Hatsi ya yi tsada, saniya ta yi arha, ga kuma haraji da jangali ana nema da kuɗi. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Haka aka sake gani a 1927, a yunwar da ake kira Mai Buhu.

Me ya ceci shanun da suka tsira a irin waɗannan shekaru? Hanya. Wanda ya karanta alamun kaka da wuri, ya ga rumbu bai cika ba, kara bai yi tsawo ba, ya kora tun shanunsa na da ƙarfin tafiya, ya bi labi zuwa kudu, wajen dajin Falgore, da ƙasar Zazzau, da gaba. Wanda ya tsaya jiran gani sai bazara ta same shi da shanun da sai an ɗaga su da sanda. Saboda haka alkawarin ƙafa uku gare shi: tanadin harawa, da saukar mashekari, da buɗaɗɗiyar hanyar fita in abu ya ɓaci.

Ta uku da yawa daga cikin dattawanmu sun gan ta da idonsu. Ruwan Kano a shekara yakan wuce milimita 800 a da, amma a 1973 wajen rabin haka aka samu, bayan 1972 ma ba ta yi kyau ba. Makiyaya daga Jamhuriyar Nijar, Fulani da Buzaye, suka gangaro da ragowar dabbobinsu, suka haɗu da na gida a kan ɗan abin da ya rage. Aka sassare rassan itatuwa, aka kwance jinkar ɗakuna aka ba shanu. Ruwa ya dawo, sai kuma a 1975 cutar da ƙwarin darɓa ke yaɗawa ta halaka gyaɗa a Arewa. Ana yawan tuna wannan shekara da ɓacewar dalar gyaɗa, amma ga mai saniyar tatsa asarar ita ce ta harawa, wadda ta fi kowane abinci riƙe nono da rani.

Ta huɗu ta haɗa biyun farko. An yi babban gangamin allurar bushiya a ƙasashen tafkin Chadi daga 1962, har aka ɗauka an gama da cutar, aka yi sakaci. A 1983 ta dawo Nijeriya ta kashe shanu dubbai ɗaruruwa, ga kuma farin 1983 da 1984. Shanun da yunwa ta tara a mashaya ɗaya su cuta ta fi saurin bi. Sai a 2011 aka tabbatar an kawar da bushiya daga duniya baki ɗaya.

Hunturun wasu ƙasashe

Domin kada a ce wannan hali namu ne mu kaɗai, bari mu leƙa waje kaɗan. A filayen kiwo na arewacin Amurka, wajen Montana da Dakota, masu shanu sun saba sakin dabbobinsu ba tare da tanadin ciyawa ba. Daminarsu ta 1886 ta zo da fari, shanu sun yi wa filin yawa, sa'an nan hunturu ya zo da guguwar dusar ƙanƙara wadda ta binne ɗan abin da ya rage. Da ƙanƙara ta narke a 1887 sai gawawwaki. Theodore Roosevelt, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasar, yana cikin waɗanda suka yi babbar asara. Daga nan ne masu kiwon wurin suka koma yankan ingirici suna ajiyewa. A ƙasar Mongoliya ma, hunturun 2009 zuwa 2010 ya kashe dabbobi wajen miliyan 8, kuma shi ma fari ne ya share masa hanya. Nasu fari fat da ƙanƙara, namu fari fat da ƙura, amma hukuncin ɗaya ne: dabbar da ta shiga sanyi da ƙiba, aka kuma yi mata ajiya, ita ke fita.

Abin da ya sake

Daga shekarun 1970 zuwa yau ƙafafun nan uku kowace ta sami rauni, kuma abin mamaki, sau da yawa ta hanyar abin da aka yi da kyakkyawar niyya.

Bayan fari, gwamnatin Audu Bako, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, da waɗanda suka biyo ta, sun gina madatsun ruwa: Tiga a kudu, sa'an nan Tomas, da Gari, da Jakara, da Watari a arewa da yamma. Daga shekarun 1980 hukumar KNARDA ta yaɗa injunan ban-ruwa da rijiyoyin fadama. An sami ruwan sha, an sami tumatir da albasa da alkama, wannan alheri ne babba. Amma fadamar nan ita ce mafakar saniya ta ƙarshe a bazara, ga shi ta zama lambu, hanyar zuwa ruwa ta bi ta tsakiyar shukar wani.

Takin zamani mai rangwame, wanda ya yawaita daga shirin ciyar da ƙasa na 1976, ya sa wasu manoma suka ga ba lalle ne su roƙi Bafillace ya sauka musu ba. A lokaci guda manomi ya zama mai kiwo shi ma: ga shanun huɗa, ga ragunan layya, ga sa na turke. Saboda haka karan da a da ake bari a gona yanzu kwashe shi ake yi ƙaf, harawa kuma ta zama haja mai tsada wadda ake lodi a mota zuwa birni. Makiyayin da a da ake ba dami domin ya sauka, yau shi ke biya kafin ya shiga gona.

Hanya ma ta ƙuntata. An yi dokar keɓe makiyaya a Jihar Arewa a 1965, amma ƙasar da ta riga ta cika da gonaki ba ta da filin keɓewa mai yawa. Jama'a ta ƙaru, gado ya rarraba gonaki, kowa ya ɗan ci burtali taku ɗaya, birni kuma ya haɗiye ƙauyukan Ungogo da na kewayensa. Gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a 1979, talakawa suka yi murna, kuma da hujjarsu. Sai dai akwai masu ganin cewa tun da saniya ta daina kawo wa hukuma kuɗi, masu riƙe da ƙasa suka rage kula da burtalinta. A ƙarshe ga madarar gari ta ƙasashen waje, wadda ba ta san rani ba, ta shiga har cikin ƙwaryar mai tallan fura.

Kammalawa

Shugaba, jama'a, ba na kawo wannan tarihi domin in ce a koma jiya ba ne. Ƙasa ba za ta ƙara faɗi ba, mutane kuma ba za su ragu ba. Abin da tarihin ke koya mana shi ne inda ya kamata a sa ido. A 'yan shekarun nan an gina cibiyoyin tattara madara a sassan Jihar Kano, ana kuma maganar shanu masu yawan nono. Madalla. Amma cibiyar da ta cika a watan Agusta, me za ta tattara a watan Maris? Saniyar da ke ba da lita goma cinta ya fi na Bunaji, haƙurinta da yunwa kuwa bai kai nata ba. Duk shirin da bai fara da tambayar abin da dabba za ta ci daga Janairu zuwa Yuni ba, ya fara gini daga rufi.

Saboda haka abubuwa uku nake ganin sun cancanci kulawar hukuma da masana da sarakuna. Na farko, a ɗauki harawa da kara a matsayin amfanin gona sosai, a taimaki manomi da irin da ke ba da su, da wurin ajiyar da rana da gara ba za su ɓata su ba. Na biyu, burtali da mashayar da suka rage a auna su, a rubuta, a kafa musu alama, dagaci da Arɗo su zama shaidu, domin abin da al'ada ta tsare a da yanzu sai takarda ta taya ta. Na uku, a bar gawo ya tsaya, a kuma bar 'ya'yansa su tashi a gonaki.

Ga ɗalibanmu kuma akwai aiki. Sunayen yunwa, da sunayen ciyayi, da kalmomin kiwo da na tatsa, suna bakin tsofaffi a Kunci da Tsanyawa da Gabasawa, kuma kowace kalma shaida ce ta yadda aka rayu. A je a ɗauko su tun masu su na da rai.

Hunturu zai dawo baɗi kamar yadda ya zo bana, wata shekarar kuma zai zo a bayan daminar da ta ƙi. Magabata sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, sun kuma ce ajiya maganin wata rana. Manomin arewacin Kano da maƙwabcinsa makiyayi sun yi ɗaruruwan shekaru suna aiki da waɗannan maganganu biyu, a ƙasar da ba ta da daji, kuma ba su rasa fura da nono ba. Ya rage namu mu san abin da ya riƙe su, domin kada mu kwance shi da hannunmu.